Ranar da Danna-Ɗaya Ya Gayyaci Unguwa

A layin da shagon aski ke kallon shagon tela, babu wanda bai san Danna-Ɗaya ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko me aka kawo, waya ce ta ƙi caji, rediyo ne ya shaƙe, ko rigimar mata da miji ce, sai ya ɗaga ɗan yatsa ya ce, "Wannan ai danna ɗaya ne." Ya taɓa shiga wani kwas na kwamfuta bai ƙarasa ba, a cewarsa malamin ne ya fara jin kunyar koyar da shi. Tun daga nan ya daina taɓa maus, wato linzamin kwamfuta, ya ce na yara ne. Shi baƙin allo yake buɗewa, inda babu hoto babu launi, sai dai ka rubuta wa inji umarni da hannunka. In ya buɗe shi a shagon aski, sai ya karkata kwamfutar yadda kowa zai gani, ya riƙa dukan maɓallan kamar ya kama su da laifi.

Matarsa tana da wa, wanda kowa ke kira Yaya Babba. Mutum ne mai tumbi da riƙon hannu, irin wanda ke kashe fanka in baƙo ya tashi shiga banɗaki. Yaya Babba ya kama wani babban shago a bakin titi, ya cika shi da firji da fankoki da dutsen guga, ya sa ranar buɗewa. Niyyarsa ya buga katin gayyata a raba gida-gida.

"Kati?" in ji Danna-Ɗaya, ya dafe ƙirji. "Yaya, a wannan zamanin? Kana da ni a dangi za ka buga kati? Ba ni lambobin mutane kawai. Kafin ka gama hamma, gayyata ta shiga kowace waya."

Yaya Babba ya dube shi sama da ƙasa. "Ya fi kati sauƙi?"

"Ko rabi bai kai ba."

Wannan maganar ce ta buɗe zuciyar Yaya. Ya ce in aikin ya yi kyau, kujerar manaja tasa ce. Danna-Ɗaya ya koma gida yana tafiya kamar an riga an ɗinka masa kwat. Matarsa na wanke kwanuka ta ji labari, ta ajiye soso.

"Maigida, don Allah ka bar Yaya ya buga katinsa."

"Ke matar manaja ce yanzu, ki koyi magana."

"Na ji. Amma ka tuna talabijin ɗinmu ma danna ɗaya ka ce."

"Talabijin ɗin dama ajalinsa ya zo."

Ya sauke wata manhaja ta aika saƙonni da yawa a lokaci guda, ya karanta bayaninta har wajen rabi, ya ce sauran maimaici ne. Sannan ya ɗauki kwamfuta ya nufi shagon aski, domin ilimin da ba a gani ba a wurinsa asara ne.

"Ku matso ku ƙaru," in ji shi. "Wannan injin kamar yaro ne wajen cin abinci. Hanya uku ake ba shi saƙo. Ko ka rubuta saƙon nan a gaban umarni, ka sa masa a baki kenan. Ko ka adana saƙon a fayil, ka rubuta sunan fayil ɗin, ka sa masa wannan 'a' mai wutsiya a gaba, wato ka nuna masa kwano ka ce je ka ci abin da ke ciki. Ko kuma ka sa ɗan gajeren layi kawai, sai ya buɗe baki ya jira, duk abin da ka rubuta daga baya ya haɗiye."

Mai aski ya ɗaga almakashi. "To in ka nuna masa kwanon ba ka ce ya ci na ciki ba fa?"

"Ka ji irin tambayar masu aski. Yi aikinka, kada ka yanke wa bawan Allah kunne."

Ya riga ya rubuta gayyata mai daɗi a wani fayil da ya sa wa suna gayyata.txt, lambobin mutane kuma a lambobi.txt. Ya naɗe hannun riga, ya rubuta umarnin yana karantawa da ƙarfi. Wajen lambobi ya sa 'a' mai wutsiya daidai. Da ya zo wajen saƙo, sai tela ya leƙo yana tambayar ko wannan ne injin da ke buga kuɗi, Danna-Ɗaya ya juya ya ba shi amsa mai zafi, ya dawo ya rubuta sunan fayil ɗin tsirara, babu wutsiya babu komai. Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan maɓallin Enta.

Wayoyin shagon suka yi ƙara a tare. Danna-Ɗaya ya jingina ya lumshe ido yana jiran tafi.

Mai aski ya zaro waya ya ƙura mata ido. "Injiniya, mene ne gayyata ɗigo ti-eks-ti?"

"Karanta ƙasa."

"Babu ƙasa. Shi kenan."

Injin ya yi abin da aka ce masa. An ba shi kalma, ya ɗauka ita ce saƙon, ya raba wa unguwa sunan kwano babu abinci.

Kafin azahar layin ya rikice. Mai kemis ya ce sabon salon 'yan damfara ne, ya hana kowa buɗewa. Wata tsohuwa ta kai wayarta a yi mata addu'a. Matar direban da ke ƙarshen layi ta tare mijinta a ƙofar gida tana nuna masa waya, domin ita ti-eks-ti ɗin nan Titi ta karanta shi, tana so ya faɗa mata wace ce Titi kuma ina ta gayyace shi. Direban ya rantse har muryarsa ta dushe, aka ƙi yarda da shi.

Yaya Babba ya kira. "Kai, me ka aika wa mutane?"

"Yaya, dabara ce. Ana ce mata jan hankali. Ka fara jefa musu abin da ba su gane ba, su yi ta magana, sannan ka sako ainihin saƙon. Manyan kamfanoni haka suke yi."

"Wannan jan hankalin, kyauta ne?"

Danna-Ɗaya ya yi tari, ya ce layin ba ya da kyau.

Washegari ya dawo shagon aski da fuskar wanda ya gano sirrin duniya. Ya ce matsalar wutsiya ce, kuma yau zai sa wutsiya har injin ya gaji. Don kada a samu kuskure, sai ya kwafi abin da ya rubuta a wajen lambobi, wanda ya san ya yi aiki jiya, ya manna shi a wajen saƙo, da niyyar ya canza sunan. Mai aski ya tambaye shi ko yau ma kwano za a ci. Ya tsaya ya wanke mai aski tas, ya manta da canza suna, ya danna.

Wannan karon injin ya buɗe fayil, ya karanta abin da ke ciki, ya aika. Sai dai fayil ɗin lambobi ya buɗe. Kowa a unguwar ya samu sunan kowa da lambar wayarsa, a jere, saƙo bayan saƙo, wayoyi na ta kuka kamar 'yan tsaki.

Tela ne ya fara shan wuya. Dama ya yi sabon layin waya a ɓoye saboda masu ɗinkin da ya yi wa alƙawari tun bara, Yaya Babba kaɗai ya ba. Cikin ɗan lokaci wayarsa ta ɗau zafi. Ya tsallako titi da tef a wuya.

"Danna-Ɗaya! Me na yi maka? Mutumin da na ce wa na yi tafiya yanzu ya kira ni, ya ce yana jin ƙarar kekena!"

"To ka ɗinka masa kayansa mana. Ni na riƙe maka allura?"

"Zan ɗinke maka baki, wallahi, kuma ba zan karɓi ko sisi ba!"

Malamar makarantar da ke bayan layi, wadda samarin unguwa suka daɗe suna neman lambarta, ta samu gaisuwa daga mutanen da ba ta taɓa jin sunansu ba, har da mai kemis, wanda ya ce kuskure ne amma ya kira sau uku. Matar direba kuwa ta zauna ta bi jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya tana neman Titi. Da ba ta same ta ba, ta ce ai dama ɓoye ta aka yi.

Yaya Babba bai kira ba, da kansa ya zo gidan. Ya zauna a kujera ta yi ƙara, ya ƙi shan ruwan da ƙanwarsa ta kawo.

"Na bayar an buga kati," ya ce. "An raba. Kai kuma ka ɗauke hannunka daga harkata."

Danna-Ɗaya ya ga kujerar manaja tana tafiya da ƙafafunta. Ya durƙusa. "Yaya, fayil ne ya ci amanata, ba ni ba. Ka ba ni dama ɗaya. Ranar buɗewa, kana tsakiyar jawabi, zan aika saƙon godiya ya shiga wayar kowa a lokaci guda. Babu fayil, babu wutsiya. Hanya ta uku zan bi, da hannuna zan rubuta, ina gani yana shiga. Ka yi tunanin yadda za a dube ka."

Yaya ya yi tunanin yadda za a dube shi, abin ya yi masa daɗi. Ƙanwarsa tana daga bayan mijinta tana girgiza masa kai, bai kula ba.

"In ka sake kunyata ni," ya ce, "ko dutsen guga ba za ka riƙe a shagona ba."

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a gaban shago, aka jera kujerun roba, aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa. Mutane sun zo daidai gwargwado, rabinsu don su ga mai aika saƙon nan da idonsu. Danna-Ɗaya ya sa kwat ɗin aro mai gajeren hannu, ya kafa kwamfuta a kan wani teburi can cikin shago, kusa da tulin kwalayen da aka ciro firji daga ciki. Yaya Babba ya karɓi makirfo ya fara ba da tarihin wahalar da ya sha tun yana yaro.

Danna-Ɗaya ya rubuta umarni, ya duba wutsiyar lambobi har sau biyu, ya sa ɗan gajeren layi a wajen saƙo, ya danna. Injin ya yi shiru, ɗan farin tabo yana ƙiftawa. Ya buɗe baki yana jira, kamar yadda aka faɗa. Danna-Ɗaya ya yi murmushi, ya rubuta: "Muna godiya ga duk wanda ya halarci buɗe shagonmu." Ya danna Enta.

Tabon ya sauka layi na gaba, ya ci gaba da ƙiftawa.

Ya sake dannawa. Ya sake sauka. Ya leƙa waje, babu wayar da ta yi ƙara. Abin da bai sani ba, domin yana cikin rabin bayanin da ya ce maimaici ne, shi ne injin da ya buɗe baki ba ya rufewa don an danna Enta. Sai an riƙe maɓallin Kontorol an danna D, alamar magana ta ƙare. In ba haka ba, zai yi ta haɗiya yana jiran ƙari.

Daga waje Yaya ya ce a makirfo, "Yanzu kowa ya riƙe wayarsa, za ku ga abin mamaki." Mutane suka zaro wayoyi. Babu wadda ta yi ƙara. Wani ya yi tari. Yaya ya waiwayo ya harari cikin shago, ya koma kan tarihinsa daga inda ya tsaya.

Gumi ya karyo wa Danna-Ɗaya. Ya sake rubuta godiyar, ya danna, shiru. Ya rubuta "tafi". Shiru. Ya rubuta "don Allah tafi". Ya tabbata injin ya sandare, ba ya ji ba ya gani. Kuma shi mutum ne da in ransa ya ɓaci dole ya faɗa wa wani, ga shi babu kowa kusa sai baƙin allo. Sai ya fara zazzage masa da yatsu.

"Kai wane irin inji ne mai taurin kai? Ka karɓa ka ƙi fitarwa, sak mai shagon nan."

Ya ji ɗan sanyi a ransa. Ya ƙara.

"Dubi tumbinsa, ya tsaya yana ba mutane labarin wahala, alhali lemon da ya raba ma sai da aka ƙara masa ruwa. Ga tela can ya zo da rigar wani. Mai aski kuma ga kansa kamar an yi gobara a daji, wai shi ne zai koya mini aiki. Mai kemis an sha turare don malama."

Mai aski ya leƙo ƙofa. "Injiniya, mutane fa hannunsu ya gaji."

"Yana lodi ne! Ka san lodi?"

Mai aski ya koma. Danna-Ɗaya ya ci gaba da duka, yanzu ba ya ma kallon allon.

"Ita ma ta gida tana can tana cewa ai na faɗa maka. Bakinta ne ya kama ni. To na fasa manajan! Ku zo ku kwashe kayan shagon kyauta, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama, ina ruwana!"

Daga nan ya shimfiɗa tafukan hannu biyu ya riƙa bugun maɓallan gaba ɗaya, hagu da dama. Cikin wannan bugun, wani yatsa ya sauka a kan Kontorol, wani ya sauka a kan D.

Injin ya rufe baki. Ya rubuta a hankali: An aika.

Ƙarar da ta tashi a rumfar nan, sai ka ce an saki tsuntsaye. Yaya Babba ya washe baki, ya ɗaga wayarsa sama. "Kun gani? Aikin mijin ƙanwata ne. Bari in karanta muku da kaina." Ya gyara tabarau, ya kai makirfo baki.

"Muna godiya ga duk wanda ya halarci buɗe shagonmu." Aka yi tafi. "Muna godiya ga duk wanda... to, an maimaita, godiya ba ta yawa. Tafi." Jama'a suka ɗauka umarni ne, suka ƙara tafi. "Don Allah tafi." Suka tafa har da ihu. Yaya ya ji daɗi, ya ƙara murya. "Kai wane irin inji ne mai taurin kai, ka karɓa ka ƙi fitarwa, sak mai shagon..."

Ya tsaya. Amma babu amfani, kowa na da nasa kwafin a hannu. Dariya ta fara daga baya ta gangaro gaba. Wani ya ɗaga kwalbar lemonsa yana duba ta a rana. Wani mutum ya miƙe ya kama wuyan rigar tela yana cewa dama tun ɗazu yake kallon yadin nan. Mai aski ya shafa kansa ya ce yau sai ya aske wani ba ruwa. Malama ta ja kujerarta nesa da mai kemis. Matar Danna-Ɗaya ta karanta nata layin, ta ninke mayafi a kafaɗa, ta ce da ta kusa da ita, "Riƙe mini jakata."

Duk wannan mai sauƙi ne. Saƙon bai tsaya a rumfa ba, ya je wa duk wanda ke cikin jerin, har waɗanda ba su zo ba, su kuma suka tura wa 'yan'uwa da abokai layin ƙarshe kawai. Ba a jima ba titi ya cika. Masu baro, masu babur, mata da zannuwan ɗaure kaya, wani har da igiya. Jan ƙyallen da aka tanada Yaya ya yanka da almakashi, ƙirjin jama'a ne ya yanka shi.

"Ba kyauta ba ne!" Yaya yana ihu a makirfo, ya rungume wata fanka kamar jariri. "Kuskure ne! Ku ajiye! Kai, ajiye dutsen gugar nan! Ina yake? Ku kamo mini shi!"

Danna-Ɗaya ya hango Yaya ta dama, matarsa ta hagu, tela da mai aski ta tsakiya. Ya duba ƙofar baya, a kulle. Ya faɗa cikin wani dogon kwalin firji, ya ja marfin ya rufe, ya ƙudundune yana karanto duk addu'ar da ya iya.

Sai ya ji an karkata kwalin. Wata murya ta ce, "Wannan da nauyi, sabo ne. Ɗora mini." Aka ɗaga shi, aka kwantar a baro, aka ɗaure da igiya. Ya so ya yi magana, sai ya jiyo muryar matarsa dab da kwalin tana tambaya ko an ga wani mai gajeren kwat. Ya haɗiye maganarsa. Baro ya ɗau hanya, kowane rami sai ya ji shi a ƙashin baya.

A can wata unguwa aka sauke shi a tsakar wani gida. Wata dattijuwa ta sa wuƙa ta yanke igiya, jikokinta sun kewaye ta suna murnar za su sha ruwan sanyi. Ta buɗe marfi. Danna-Ɗaya ya ɗago kai, jiƙe sharkaf, kwat ya yage a hammata.

Dattijuwa ta ja da baya. "Innalillahi! Kai kuma wane ne? Ina firjin?"

Ya share gumi, ya dubi wayar da ke hannunta. Wani abu ya motsa a ransa.

"Mama, saƙon nan, har nan ya iso?"

"Ya iso mana, shi ya sa na je."

"Har wannan unguwar?" Ya gyara wuyan kwat, ya ɗan miƙe zaune a cikin kwalin. "To ni na aika shi."

Dattijuwa ta dube shi, ta dubi mai baro da ke tsaye yana haki. Ta sa hannu ta danna kan Danna-Ɗaya ƙasa, ta mayar da marfin.

"Ɗaure shi ka mayar," ta ce. "Ka ce a canza mini da fanka."